Ranar da Kawu Bukar Ya Cire Tabarau

Wasila! Ke Wasila, ajiye jakar nan, ba gudu za ta yi ba! Ta faru! Wallahi a ƙarshe dai ta faru, Kawu Bukar ya cire tabarau! A gaban jama'a, kowa ya ga idonsa. Ashe ma ƙanana ne. Ke kin je kin lafe a Takieta wajen kakarki sati biyu, an yi abin shekara babu ke. Matso inuwar bishiyar bedin nan, bari in yi numfashi.

Kin dai san shi, ƙanen mamata, wanda ya je Legas sayar da dabino, ya yi wata biyar, ya dawo da baƙin tabarau da sabuwar tafiya. Tun ranar ba wanda ya ƙara ganin ƙwayar idonsa, ko alwala zai yi sai ya juya wa mutane baya. In ya zauna a fada, majalisar abokansa, ana shan shayi kuwa, ba mai sakat.

"Ni fa Ingilishi ba koyonsa na yi ba, shan sa na yi. A Legas har mafarki da shi nake yi."

To kin san ajin manya na ƙungiyar dukawa, can cikin Birni, wanda Madam Rahina ta lakwal ɗinmu, makarantar boko, take koyarwa Laraba da Asabar bayan la'asar? Masu ɗinka jaka da matashin fata ne, 'yan Najeriya da 'yan Gana suna aiko musu saƙo da Ingilishi a waya, su yi ta juya wayar ba su san ciniki ba ne ko zagi. Ita Madam da waƙa take koya musu Ingilishin. Ta sa layi ɗaya a wayarta, ta tsayar, ta maimaita, ta sake maimaitawa, kowa ya kasa kunne ya rubuta abin da ya kama. Waƙa guda sai ta cinye sati uku.

Rannan aka ce Madam za ta Yamai formasiyo, wato kwas na sati biyu. Alhaji Sama'ila, shugaban ƙungiya, yana tsaye da ita ƙofar ajin suna shawarar a rufe, sai ga Kawu ya taho yana taku ɗai-ɗai.

"Sati uku waƙa ɗaya? Ranka ya daɗe, ai wannan ba karatu ba ne, jinya ce. Ni a ba ni sati biyu, waƙa arba'in zan ɗura musu."

Madam ta ce, "Malam Bukar, ka taɓa koyarwa?"

"Madam, ke a littafi kika gan shi. Ni a bakin masu shi na ɗebo."

Jama'a suka fara taruwa, shi kuwa in ya ga taro kansa kumbura yake yi. Ya ɗaga yatsa sama.

"Ku zama shaida! In sati biyu suka cika mutanen nan ba su rubuta waƙa guda daga kai har ƙafa ba, ni Bukar in zauna bencin gaba in riƙe kaye, littafin rubutu, kamar ɗan shiga lakwal. In kuwa sun rubuta, mabuɗin aji nawa ne, kuma duk Damagaram a kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal."

Alhaji ya ce, "Jama'a kun ji?" Aka ce an ji. Madam ta yi ɗan murmushin nan nata na ranar dikte, jarrabawar shifta, ta ce, "Dakor, na yarda," ta miƙa masa mabuɗi.

Laraba ta farko, Kawu ya ce wayar Madam abin wasan yara ce. Ya je ya ɗauko Nazir mai sono, wanda yake kiɗa a biki, da manyan akwatunansa huɗu na lasifika a amalanken jaki. Aka jibge biyu a cikin aji, biyu a ƙofa. Kawu ya gyara hula, ya gyara tabarau, ya shiga da sallama mai ƙarfi, ya ɗaga kai zai ƙare wa ɗalibansa kallo.

Wa zai gani a bencin gaba, da kaye da bik ɗin rubutu, ta gyara zama? Inna Ummu! Uwar matarsa Zuliha! Surukarsa fa, wadda in ya hango ta a hanya yake canza lungu!

Ke, kafin ki ce kwabo ya tuɓe takalmi ya durƙushe a bakin ƙofa.

"Inna, ina wuni."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Lafiya lau. An zo lafiya?"

Shi ke nan fa. Ya miƙe tsaye a kan surukarsa? Ba dama. Ya kalle ta? Ba dama. Ya ɗauki takardar kiran suna daga tsugune, ya kira, ya kira, da ya iso nata sai ya ce, "Ta gaba... an gan ta," ya tsallake.

A ajin kuma akwai Sa'adatu mai rinin fata, taubashiyarsa, wadda tun suna yara ba ta raga masa. Ta leƙo daga benci na biyu.

"Mushe, daga ƙasa za a yi karatun? Ko a Legas haka ake yi?"

"Haka ake yi. Ilimi daga ƙasa yake tashi. Nazir, saki!"

Nazir ya saki. Wasila, ƙasar rufi ta zubo wa mutane a ka, tsaka ta faɗo cikin kayen Malam Hamza, tsohon nan mai ɗinka kube. Ba mai jin kalma ɗaya, sai dum-dum a ƙirji. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare, matan unguwa sun ci kwalliya sun iso da kwanuka.

"Bikin wa ake? Ba a gaya mana ba!"

"Ba biki ba ne, karatu ne!"

"Karatu da sono? To ina tuwon?"

Sai ga maroƙi, Allah kaɗai ya san inda ya jiyo. Ya tsaya kan Kawu yana tsugune, ya buɗe murya: "Bukar na Legas! Giwa mai karatu a durƙushe!" Wallahi bai tafi ba sai da Kawu ya cire hularsa ya ba shi. Ranar ko harafi ba a rubuta ba.

Da ya koma gida ya tare Zuliha. "Don me ba ki gaya mini Inna tana ajin ba?"

"Ka tambaye ni? Kai da ba ka tambaya, sai dai ka ba da labari."

Asabar, liman ya aiko a rage ƙara. Aka bar manyan akwatuna, Nazir ya ba shi ƙaramin rediyo da katin memorin da ya cika da waƙoƙi arba'in na Ingilishi. Kawu ya sami dabara, ya ja tablo, allon aji, gaba ya tsuguna a bayansa, ba a ganin komai sai yatsun ƙafarsa. Ya kunna. Ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi ta, ba tsayawa.

Malam Hamza ya ɗaga hannu, ya tuna ba mai ganinsa, ya buga benci. "Mushe, a ɗan tsaya mana. Ni tun kalmar farko nake bi, ta tsere mini."

Murya ta fito daga bayan tablo. "Ba a tsayar da waƙa, Malam. Ka taɓa ganin an tsayar da ruwan sama don a cika tulu? Kai dai tara kunnenka."

Inna kuwa ba za ta yi wa surukinta magana kai tsaye ba, sai ta juya wajen Sa'adatu.

"Sa'adatu, gaya wa malamin, Madam takan tsaya bayan kowane layi."

"Bukar, in ji Inna, wai ba ka iya komai ba."

"Ba haka ta ce ba! Ina ji!"

"To in kana ji, wahalar me ake ba ni?"

"Gaya wa Inna, Allah ya ƙara girma, wannan hanyar ta fi sauri."

"Inna, ya ce ki yi haƙuri, shi ma bai san inda ake tsayawar ba."

Tablo ya girgiza, amma ba halin fitowa.

Can Inna ta sake cewa a tambayi malamin, wannan waƙar me take faɗi. Kawu ya ji gumi yana bin bayansa, don shi duk waƙoƙin nan ɗaya suke a kunnensa, kamar kukan injin niƙa. Amma ya ji muryar mai waƙar da ban tausayi, sai ya yi ta maza.

"Wani bawan Allah ne raƙuminsa ya ɓata."

Aka ce Allah sarki. Ta gaba ta shigo da kiɗa mai zafi. "Wannan fa?"

"Ya ga raƙumin."

Ta bayanta ta zo a sanyaye.

"Ya sake ɓata."

Malam Hamza ya ajiye bik. "Wai su Turawan nan ba su da igiya ne?"

Inna dai ta sunkuya. Ta ɗan rubuta wani abu a gefen kayenta, ta rufe.

Laraba ta biyu kuran, wato lantarki, ya ɗauke tun safe, rediyo ba caji. Ɗalibai sun zauna, sun buɗe kaye, suna kallon yatsun ƙafar Mushe.

Sa'adatu ta ce, "Abu mai sauƙi. Ai kai ka sha shi a Legas. Rera mana da bakinka."

Aji ya ɗauka, "Ƙwarai, Mushe ya rera!"

Waƙa a gaban suruka? Gara a ce ya ci tuwo a gabanta! Amma in ya ƙi, an gano shi. Sai ya rarrafa ya fita, ya zagaya ta lungu, ya tsaya bayan tagar aji, ya juya mata baya don kada a ce a gaban Inna ya yi, ya rufe ido cikin tabarau, ya kwarara.

Wasila, abin da ya fito daga bakin nan ba Ingilishi ba ne, ba Faransanci ba, ba Barbarci ba. Awakin lungun ma tashi suka yi. Su mutanen hanya ba su san da aji a bayan bangon ba. Abin da suka gani kawai, ƙato ba takalmi ba hula, da baƙin tabarau, yana wa bangon gidan mutane ihu yana kaɗa kafaɗa. 'Yan kabu-kabu suka tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, iskokin Legas ne, yau suka tashi!" Ta ruga ta ɗebo ruwan tofi ta sheƙa masa a fuska. Maza uku suka rungume shi ta baya.

"Ku sake ni, darasi nake!"

"Sannu, Bukar, sannu. Haka suke cewa. A riƙe shi!"

Da ƙyar ɗalibai suka fito suka ƙwace shi. Yana tsaye yana ɗiga, Malam Hamza ya matso da kaye, fuskarsa fal murna.

"Mushe, yau kam na kama layi guda sarai, na rubuta."

Kawu ya ji sanyi a ransa. "Karanta wa jama'a!"

"A riƙe shi, a riƙe shi."

To daga nan ne hankalin Kawu ya tashi. Saura Asabar kaɗai, ga Madam tana dawowa, ga Alhaji ya ce a tsakar gidan ƙungiya za a yi gwajin, kowa ya zo ya gani. Ya tuna bencin gaba, ya tuna 'yan fada. Ran Alhamis ya ɗauki rediyon ya tafi wajen wani mai fotokopi a bakin kasuwa, ya ce a nemo masa kalmomin waƙa ta bakwai a intanet, a buga masa kwafi sha tara, kowane ɗalibi ɗaya. Me ya sa ta bakwai? Wai lambar ce ta yi masa kyau. Ko saurarenta bai yi ba.

Juma'a ya bi ɗalibai gida-gida. "Wannan a Legas sunanta takardar rakiya. Ka sa ta ƙarƙashin kaye, in an saki waƙa ka bi ta a hankali. Kada ka nuna wa kowa, saboda baki." Su kuwa bayin Allah suka karɓa da hannu biyu, har da godiya. Sa'adatu ce kaɗai ta kalle shi ta kalli takardar, ta ce, "Allah ya kai mu goben," tana dariya har da riƙe ciki.

Sha takwas suka tafi. Saura ɗaya, ta Inna.

Ya je ƙofar gidanta ya tsaya. Ya wuce. Ya dawo. Ya sake wucewa, har mai tuyar ƙosai ta tambaye shi ko wani abu ya yar. Ta yaya mutum zai durƙusa gaban surukarsa ya ce, Inna, ga satar amsa? Ya koma ya roƙi Zuliha.

"Uwata zan kai wa wannan? Kai dai da ka sha Ingilishi, je ka faɗa mata da shi."

Ya nemi Sa'adatu. Ta ce, "Ni aikena a cikin aji yake, yau hutu." Sai ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ce a ransa, mutum ɗaya cikin sha tara, in ta kasa a ce tsufa ne.

Jiya Asabar, ke, ba ki ga mutane ba! An fito da bencuna tsakar gida, an kafa tablo, Alhaji Sama'ila a kujera, Madam a gefensa, 'yan fada sun zo kansu da ƙafarsu, mu kuma muna kan katanga. Kawu ya sha shadda, ya aro hula, ya tuɓe takalmi ya ajiye gefe saboda Inna, ya ɗan rusuna ta wajenta, sannan ya juya wajen jama'a.

"Yau za ku ga bambancin wanda ya karanta da wanda ya je! Nazir, lamba bakwai!"

Abin da bai sani ba, ran Juma'a Nazir ya karɓi katinsa ya je biki Tirmini, ya ɗora waƙar amarya a farko. Kowace waƙa ta matsa gaba da ɗaya. Ta bakwai ta zama ta takwas, ta shida ta hau gurbinta.

Waƙa ta fito, muryar mace, a hankali, 'yar gajeruwa. Kawu yana gyaɗa kai yana lumshe ido, shi a dole ya san ta. Kawuna sha takwas suka duƙa, bik yana ta gudu. Malam Hamza ma tun kafin a kunna ya yi layi biyu. Madam ta ɗaga gira.

Minti biyu waƙa ta ƙare. Tsit. Amma bik bai tsaya ba! Ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar kaji a kan tabarma. Minti ɗaya, minti biyu, minti uku. Jama'a suka fara kallon juna.

Madam ta taka a hankali ta tsaya kan Malam Hamza. "Baba, me kake ji har yanzu?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Saura layi tara, Madam, kada ki katse ni."

Ta ɗaga kayensa da yatsa biyu. Ga takardar rakiya. Ta ɗaga na kusa da shi, ga ta. Na gaba, ga ta. Ta duba ta ce, "Wannan ma ai ba waƙar da aka sa ba ce."

Wasila, dariya har wata ta faɗo daga katanga!

Alhaji ya ce, "Bukar, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, kunnensu ne ya yi kaifi. Har abin da mai waƙar ba ta kai ga faɗa ba suna jiyowa."

Ana cikin haka Inna ta ɗaga hannu. "Sa'adatu, gaya wa mai sono ya sake sa ta. In na ɗaga yatsa ya tsayar, yadda Madam take yi."

Nazir ya sa, ta ɗaga yatsa, ya tsayar. Ta karkata kai, ta ce a maimaita. Ta rubuta, a hankali, tana cije leɓe. Haka, haka, har layi huɗu. Madam ta karɓa ta karanta da ƙarfi. Uku daidai cif! Na huɗun kalma ɗaya ce ta bar wa fili, ta ce ba ta kama ta ba. Mata suka rangaɗa guɗa.

Alhaji ya sa Madam ta kwafe layi na huɗun a tablo da filinsa, ya ɗauki alli ya miƙa wa Kawu.

"To Mushe, kalma ɗaya ta rage. Cike mana, mabuɗi naka ne."

Kawu ya durƙushe nan take. "Ranka ya daɗe, ai da kunya. Ni in miƙe a gaban Inna in gyara mata rubutu? Ba tarbiyyarmu ba ce."

Har wasu dattawa sun fara cewa gaskiya ne, yaron yana da ladabi. Sai Inna ta tashi, ta gyara mayafi, ta zagaya bencin ta zauna tana kallon bango.

"Sa'adatu, gaya wa malamin na ba shi baya. Ya rubuta."

Sa'adatu ta miƙe ta gyara murya. "Bukar, in ji Inna, ta ba ka baya, ka rubuta. Yau ko gishiri ban ƙara ba."

Ya tashi. Ya je gaban tablo. Nazir ya sa layin. Ya ce a sake. Aka sake. Sau biyar! Gumi ya jiƙa shaddar aro, au, hular ce ta aro, shaddar tasa ce. Ya kai alli, ya janye. Ya ce hasken wurin ne bai isa ba.

Alhaji ya ce, "To cire tabarau mana."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya kai hannu, ya cire.

Wallahi har awaki suka yi shiru. 'Yan idanu ƙanana, suna ƙifta-ƙifta kamar na jaririn da aka fito da shi ranar suna. Wani daga 'yan fada ya ce, "La ilaha, ashe yana da su!" Alli ya karye a hannunsa.

"Ranka ya daɗe," muryar ta dawo 'yar ƙarama, "gaskiya a Legas ɗin... unguwar Hausawa na zauna. Maigidana ma ɗan Tirmini ne."

Sa'adatu ta ce, "Mafarkin fa?"

"Da Hausa."

Bai jira dariyar ta sauka ba, ya ajiye mabuɗi da tabarau a gindin tablo ya arce. Ya manta ba takalmi! Ga rairayi bai huce ba, ya bi lungu yana tsalle ɗaya-ɗaya kamar fara a kasko. Inna ta juyo, ta sa aka ɗauko takalman, aka tura su ƙarƙashin bencin gaba.

"Sa'adatu, gaya wa malamin kayansa suna nan. Ya zo Laraba ya ɗauka, a zaune."

Ita kuwa ta leƙa lungu ta kwarara masa shi, duk Birni sai da aka ji.

To yanzu ga wanda ba kowa ya sani ba, matso da kunnenki. Yau da safe ina shara ya kira ni bayan zaure, da silifan Zuliha a ƙafarsa, ido a waje. Ya ce, "'Yar gidan Kawu, ba ki da wani tsohon kaye mai sauran fili? Da bik, ko mai cizo a kai ne." Na ba shi. Ya juya zai tafi, ya dawo, ya ce a hankali, "Wai in an tsayar da waƙar, sau nawa ake yarda mutum ya ce a maimaita?" Zai je, Wasila! Ya ce zai riga kowa, ya zauna can ƙarshen bencin ya manne da bango. Bai san bencin gaba mutum biyu kawai yake ɗauka ba, kuma Inna ta riga ta gaya wa Madam ita ba ta canza wuri.

Don Allah, don Annabi, kada ki gaya wa kowa tukuna. Ko Aliya ƙanwarki kada ta ji. In ya san an sani ba zai zo ba, mu yi asara. Ki bari sai Laraba. Kuma ki zo da wuri, katangar nan mutum shida take ɗauka, ke ce ta biyar da na faɗa wa.